Ruwa Ba Sa'an Kwando Ba Ne: Gargaɗi Ga Masu Zuwa Bakin Teku Da Zafi

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wani al'amari da ya auku a ƙasar Masar, wanda har yanzu in na tuna shi sai jikina ya yi sanyi.

Ran Juma'a, 10 ga watan Yuli na shekarar 2020, da sassafe, ruwa ya ci mutum 11 a wani bakin teku da ake kira Shaɗi'un Nakhil, watau Gaɓar Dabino, a unguwar Ajami, kimanin kilomita 20 yamma da tsakiyar birnin Iskandariyya. A wancan lokaci hukuma ta rufe wuraren wanka na bakin teku saboda annobar korona, shi ya sa mutane suka riƙa satar jiki suna zuwa tun da jijjifi, kafin jami'ai su fito. Ba jirgi ne ya kife da su ba. Yaro guda ne ya shiga, ruwa ya ja shi, wani ya gani ya faɗa don ya cece shi, ruwa ya haɗa da shi. Wani ya bi wannan, wani kuma ya bi wancan, kowa da kyakkyawar niyya, har aka shafe kwanaki ana neman sauran gawawwakinsu. Allah Ya jiƙansu.

Mai karatu zai ce, mu da muke tudu ina ruwanmu da teku? To, da ne teku ya yi wa Bahaushe nisa. Yau ga 'ya'yanmu suna karatu a Jami'ar Azhar da sauran makarantun Masar, ga 'yan kasuwa, ga masu jinya, ga masu Umra da kan biya ta gaɓar Bahar Maliya a Jidda su sha iska. Ga kuma 'yan'uwanmu mazauna Legas da Kwatano da Lome da Akra, waɗanda samarinsu kan yi ayari zuwa bakin teku ran yawon Salla. Akasarinsu kuwa ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce na kududdufi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a 2024, ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021 kaɗai, kusan rubu'insu yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Girman abin ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2021, ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don faɗakarwa a kansa.

Abin da na gani da idona

Sa'ad da nake ɗalibi a Alƙahira, in zafi ya tsananta, daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da Larabawa ke kira saifi, sai ka ga birnin kamar an yi masa shara. Duk mai hali ya kwashi iyalinsa ya nufi arewa, wasu Iskandariyya, wasu Ra'asul Barri, wasu Balɗim, masu ƙarfi su zarce Marsa Maɗruh. Mu ma mukan haɗa 'yan kuɗinmu mu shiga jirgin ƙasa daga tashar Ramsis. A cikinmu akwai wani wanda ya tashi a bakin kogi, kullum yana yi mana alfahari da iyo, gaskiya kuwa ya iya.

Ranar da muka isa, raƙuman ruwa suna ta fashewa hagu da dama, sai ya hango wani wuri a tsakani ya kwanta lumui, ba kumfa ba hargowa, ya ce ai nan ne daidai. Kafin mu ankara ya yi nisa. Muna ganinsa yana ta sarar ruwa yana fuskantarmu, amma ƙara ƙanƙancewa yake yi a idonmu. Biyu daga cikinmu har sun fara tuɓe riga, alhali ko ɗayansu bai iya iyo ba. Wani dattijo masunci ne ya sha gabansu ya daka musu tsawa, sa'an nan ya juya yana yi wa na cikin ruwa ishara da hannu biyu, yana nuna masa gefe. Allah Ya sa ya fahimta. Ya bar fuskantar tudu ya karkata, can sai ga shi raƙuman ruwa sun turo shi, ya fito nesa da inda ya shiga, ya zube a kan rairayi yana amai. Dattijon nan ya gaya mana sunan abin da ya ja shi, su Misrawa suna ce masa sahbu, watau ja. Ya ce shi ne ke cinye musu baƙi kowace shekara, kuma gwanin kogi ya fi saurin faɗa masa, domin shi ne mai ƙarfin halin shiga.

Yadda wannan jan ruwa yake

Ya kamata a tsaya a fahimci wannan abu sosai, gama shi ne babban makashi a bakin teku. Ƙungiyar masu ceto ta Amurka ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da ma'aikatanta ke tsamowa a gaɓoɓi masu raƙuman ruwa, shi ne ya ja su, kuma yana halaka fiye da mutum 100 a ƙasar kowace shekara, duk da irin tanadin da suke da shi.

Ga yadda yake. Raƙuman ruwa suna turo ruwa zuwa tudu ba dare ba rana, ruwan nan kuwa tilas ya koma inda ya fito. A ƙarƙashin ruwa, kusa da gaɓa, sau da yawa akwai tudun rairayi da ya miƙe kamar kunya a gona, yana tare ruwan da aka turo. Duk inda kunyar nan ta yanke, sai ruwan ya taru ya bi ta wannan kafa da ƙarfi ya koma cikin teku, kamar yadda ruwan sama kan taru a tsakar gida ya fita ta rariya guda. Haka kuma yake faruwa a gefen duwatsu da katangun da ake ginawa cikin ruwa don karya ƙarfin igiya, kuma a Nakhil ɗin nan mutane da yawa sun ɗora laifin a kan irin waɗannan katangu. Faɗinsa ba shi da yawa, galibi mita 10 zuwa 30 ne. Amma gudunsa yakan kai ƙafa 8 a daƙiƙa guda in ya tsananta, watau ya fi gudun gwanayen iyo na gasar duniya.

Abin da ke ruɗin baƙo shi ne, wurin ya fi ko'ina kyan gani. Da yake ya fi zurfi, raƙuman ruwa ba su fashewa a kansa, launinsa ya fi duhu, wani lokaci ka ga kumfa ko ciyawa ko ruwa mai gauraye da rairayi suna tafiya suna yin nesa da tudu. Uba mai tausayi sai ya ce wa 'ya'yansa ku koma can inda ruwa ya lafa. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Sai a lura da kyau: wannan ja ba ya nutsar da mutum ƙasa, nesa da tudu yake kai shi, kuma ƙarfinsa yana mutuwa da zarar an wuce inda raƙuman ruwa ke fashewa. Abin da ke kashe mutum tsoro ne da gajiya, domin yakan dage sai ya koma ta inda ya shigo, ya yi ta kokawa da ruwa har ƙarfinsa ya ƙare. Wanda ya sami kansa a ciki, ya kwanta rigingine ya buɗe hannuwa da ƙafafu, ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya sami numfashinsa tukuna. In ya iya iyo, ya yi gefe, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga kafar, kana ya nufi tudu a karkace tare da raƙuman ruwa. In kuwa ƙarfinsa ya gaza, ya ci gaba da kwanciya a kan ruwan, yana ɗaga hannu ɗaya yana kira.

Hukuncin ceto, da wanda ya hau kansa

A nan ne nake son 'yan'uwa su ba ni hankalinsu. Babu saɓani tsakanin malamai cewa ceton wanda ruwa ke shirin ci wajibi ne a kan jama'ar da ke wurin, in wasu suka yi ya faɗi a kan saura, in kuwa mutum ɗaya ne kaɗai ke da iko, ya zama wajibi a kansa shi kaɗai. Shaihu Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ake yi wa laƙabi da Sarkin Malamai, ya rasu a Alƙahira a shekara ta 660 bayan Hijira, ya yi bayani a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam cewa ana gabatar da wannan ceto a kan salla, domin salla ana rama ta, rai kuwa in ya fita ba a mayar da shi. Ya kuma nuna cewa mai azumin Ramadan, in ba zai iya ceton ba sai ya sha ruwa, to, ya sha ya yi ceto, ya rama daga baya. Dubi girman rai a shari'a.

Amma fa kowane wajibi yana rataye ne da iko. Wanda bai iya iyo ba, faɗawa ruwa ba ta cikin abin da aka ɗora masa, kai, ko wanda ya iya, in bai san aikin ceto ba, shigarsa hannu rabbana ganganci ce. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Wannan magana ba azanci kaɗai ba ce, haka abin yake a zahiri. Mai nutsewa ba ya cikin hayyacinsa, zai ƙanƙame wuyan wanda ya zo cetonsa ya danna shi ƙasa don ya hau kansa ya shaƙi iska, ko da ubansa ne. Ba ina zargin bayin Allah da suka rasu a Nakhil ba ne, niyyarsu tana wurin Ubangijinsu, kuma ba kowa ne zai ga yaro yana nutsewa ya iya riƙe kansa ba. Sai dai mu da muka saura, bai kamata abin ya wuce mu ba mu koyi kome ba.

Abin da ya hau kan wanda ke tudu shi ne, ya yi kururuwa ya kira ma'aikatan ceto, ya sa wani ya buga waya, lambar motar asibiti a Masar 123 ce, a Nijeriya kuwa a kira 112. Kada ya ɗauke idonsa daga kan mai nutsewa, ya riƙa nuna shi da hannu don masu zuwa su san inda za su nufa. In yana kusa, a miƙa masa sanda ko igiya ko rawani, mai miƙawa yana tsaye da ƙafarsa a wuri mai ƙarfi. In ya yi nisa, a jefa masa duk abin da ba ya nutsewa, ko jarka ce da babu kome a ciki an rufe bakinta, ko ƙwallo, ko kular ruwan sanyi. Masuntan Argungu, duk gwanintarsu, a kan gora suke yawo cikin ruwa. Shiga ruwa shi ne mataki na ƙarshe, na gwani ne, shi ma sai da wani abu mai iyo a hannunsa wanda zai sa tsakaninsa da wanda zai ceta.

Wasu sukan ce, ai wanda ruwa ya ci shahidi ne. Hadisi ya inganta a kan haka, ba mu musu. Amma wannan bushara ce ga wanda ƙaddara ta faɗa wa, ba a ba kowa izinin wasa da ransa da ita ba, kuma an ruwaito gargaɗi mai tsanani game da shiga teku sa'ad da yake hauka. Saboda haka tutar da hukuma ke kafawa a bakin ruwa abar bi ce. A Iskandariyya kore alamar lafiya ce, rawaya a yi hattara, ja kuwa an hana shiga. A wasu ƙasashe, kamar Ingila, akan kafa tuta biyu masu launin ja da rawaya a haɗe, a yi wanka a tsakaninsu kawai, nan ne idon masu ceto yake. Inda babu mai ceto ko kaɗan, ko da dare, ko da asuba kafin su fito, baƙo ya tsaya iyakar idon sawu.

Nutsewa ba ta da hayaniya

Mutane suna tsammanin mai nutsewa yakan yi ihu yana fantsama ruwa, kamar yadda ake nunawa a majigi. Wani masanin aikin ceto na Amurka, Frank Pia, wanda ya daɗe yana nazarin abin a bakin ruwa, ya nuna akasin haka. Mai nutsewa na gaskiya ba ya iya kira, domin ɗan lokacin da bakinsa ke fitowa bai ishe shi numfashi ba balle magana. Za ka gan shi a tsaye cikin ruwa, kai a ɗage, hannuwa suna danna ruwa a gefe kamar mai hawan tsani, cikin daƙiƙa 20 zuwa 60 ya ɓace. Yaro yakan nutse kusa da iyayensa suna hira.

Don haka kada a ce kowa yana kallon yara, gama abin da aka bar wa kowa babu mai yinsa. A ɗora wa baligi guda, ya ajiye wayarsa, in ya gaji ya miƙa wa wani baki da baki. Ƙaramin yaro kada ya wuce inda hannu zai kai gare shi. Robar nan da ake hurawa, da tub ɗin taya, kada a dogara da su, iska daga tudu takan kwashe su da yaron da ke kai ta yi cikin teku. Samari kuma su bar alkafura da kai cikin ruwan da ba su san zurfinsa ba, da yawa sun karya wuya ta haka sun ƙare rayuwarsu a kwance. Maye kuwa, wanda dama haramun ne a tudu, a bakin ruwa ajali ne.

In an tsamo mutum, ga wani kuskure da muka gada: a juya shi a yi ta danna masa ciki, ko a ɗaga ƙafafunsa sama wai ruwa ya fita. Wannan ɓata lokaci ne, yana kuma jawo amai ya toshe masa hanyar iska. Iska yake bukata, domin ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu ita. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa a hura masa iska baki da baki sau 5, sa'an nan a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa har taimako ya iso. In yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a rufe shi. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da ciwo bayan sa'o'i. Mace ce ko namiji, wanda ya iya ya yi, lalura ce, kada kunya ta sa a tsaya kallo.

Rana da ƙishirwa

Bahaushe yakan raina rana, ya ce a cikinta aka haife shi. Wanda ya tuna aikin Hajjin 2024, da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ba da sanarwar rasuwar alhazai 1,301, ba zai ƙara raina ta ba. A bakin teku iska mai sanyi ce ke yaudarar mutum, ba ya jin zufar da yake zubarwa, ga rairayi da kumfa suna mayar masa da hasken rana daga ƙasa. Ƙarfinta daga ƙarfe 10 na safe ne zuwa 4 na yamma, sai a nemi inuwa, a sa hula, a yi ta shan ruwa tun ba a ji ƙishirwa ba. Baƙar fata tana da kariya, amma ba cikakkiya ba. Zabiya kuwa da jarirai, kada a bar su a rana sam, kuma man kariyar rana mai lamba 30 ko fiye, wanda ake sake shafawa bayan awa 2 ko bayan fitowa daga ruwa, ga zabiya magani ne, ba kwalliya ba. Wanda ya fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya, a kai shi inuwa a ba shi ruwan gishiri da sukari. In hankalinsa ya fara rikicewa, jiki ya yi zafi rau, bugun rana ne, a jiƙa shi da ruwan sanyi ana yi masa fifita, a garzaya asibiti, kada a ɗura wa wanda ya suma kome.

Ruwan teku mai tsarki ne, alwala da shi ta inganta, wannan sananne ne a fiƙihu. Sha ne ba a yi. A kowace lita ta ruwan Bahar Rum akwai gishiri wajen giram 38, ƙoda kuwa ba ta iya fitar da shi sai ta jawo ruwan jiki fiye da wanda aka sha.

Akwai kuma wata halitta mai kama da laima, jikinta kamar kamu, da zare-zare masu harbi, Larabawa suna kiranta ƙandilul bahar. Wani irinta ya shigo Bahar Rum ta mashigin Suwais, ya kuma cika gaɓar arewacin Masar a saifin 2017. In ta taɓa mutum, a wanke wurin da ruwan teku, a cire zaren da wani abu ba da yatsa ba, kada a murza, kada a zuba ruwan sha, domin yana ƙara tayar da dafin. Bayan haka ruwa mai ɗumi sosai yana rage zogi. In numfashi ya fara wuya, sai asibiti.

Game da tufa, babbar riga da doguwar jallabiya da zane, in suka jiƙe, sukan nannaɗe ƙafa su ɗaure hannu. Namiji ya sa wando mai kauri wanda ya rufe cibiya ya wuce gwiwa, ya tsare al'aurarsa ya kuma sami sakewa. Mata su nemi wurare ko lokutan da aka keɓe musu, akwai su a wasu ƙasashen Musulmi, wadda kuwa ke cikin cikakken lulluɓi kada ta wuce inda ruwa ke taɓa ƙafa. Lokacin salla kuma ba ya ɗagawa don ana hutu.

An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya rubuta wa gwamnansa na Sham yana umartar a koya wa yara iyo, shi da ya tashi a Makka inda babu kogi. Mu kuwa muna tura yaro ƙetare da guzurin kuɗi da na nasiha, ba mu taɓa tambayarsa ko zai iya kwanciya a kan ruwa na minti ɗaya ba. Wanda yake da ɗa a Masar, in hutun saifi ya zo ya bugo waya yana neman kuɗin zuwa Iskandariyya, kafin a aika masa a tambaye shi wace gaɓa za su, ko akwai ma'aikatan ceto a wurin, kuma wane ne a cikinsu zai zauna a tudu yana ƙirga kawuna.